Ƙofar da Bakri Ya Rufe wa Kansa

Duk wanda ya taɓa leƙa zaman Majalisar Zumunci ta Hausawan unguwar Harra ta Yamma a Madina ya ga Bakri Abdussamad, ko da bai tambayi sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan mai farar jallabiya irin ta Sudan da yake tsaye a bakin ƙofa, mabuɗi rataye a wuyansa da igiyar takalmi. Shekara goma sha bakwai yana wannan tsayuwa. Ba albashi, ba kujera, ba ƙuri'a, kuma ba a taɓa jin ya ce ƙafarsa ta gaji ba. Abin da majalisar ta saka masa da shi a ƙarshe, har yau in an tuna sai rai ya ɓaci.

An haife shi a wani ƙauye a bakin kogi, kusa da Mai Wurno a ƙasar Sudan. Kakanninsa sun taso daga ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar hajji, suka yada zango a can don su yi noman damina ɗaya su ƙara guzuri, damina ɗayan nan ta zama shekara tamanin. Bakri ne ya ƙarasa musu tafiyar. Yana da shekara ashirin da shida ya shiga jirgin ruwa ya sauka Jidda, ya wuce Madina da jaka ɗaya da sunan wani ɗan garinsu a rubuce a takarda. Ya yi dako a kasuwar dabino har bayansa ya fara ƙorafi, sannan Allah ya haɗa shi da wani kamfani mai hidimar alhazai a filin jirgin sama. Aikinsa tura kujera mai taya, ɗaukar jakunkuna, da shirya layi.

A can ya koyi abin da ya zama sana'arsa ta gaskiya, wato tsayar da mutane ba tare da ya ɗaga murya ba. Jirgi kan sauke tsofaffi ɗari huɗu a lokaci guda, ƙafafu sun kumbura, kowa ya ƙagu ya ga Masallacin Annabi, kowa yana ganin jakarsa ce aka ɓatar. Bakri ya gane cewa mutum mai fushi ba a tsaya masa a gaba, a gefensa ake tsayawa. Ba a taɓa ƙirjinsa. Ana tambayarsa sunan garinsu, domin ba wanda ke iya faɗin sunan garinsu yana zagi. Ya iya Hausar Kano da ta Damagaram da ta Anjamena, ya iya Larabcin Sudan da na Hijaz, kuma a dukansu kalmar da ya fi amfani da ita ita ce "sannu".

Ita majalisar, mutum ashirin da huɗu ne. Akwai kujerun 'yan Sudan da na 'yan Chadi, akwai na Nijar da na Najeriya, akwai kuma na 'yan ƙasa, jikokin alhazan da suka zauna tun da daɗewa har suka zama Sa'udawa. Ba hukuma ba ce, kuma ba ta taɓa cewa ita hukuma ce ba. Aikinta sulhu tsakanin gidaje, tsayawa a kan jana'iza, da nemo wa alhajin da ya ɓace mutanensa. Tana zama sau ɗaya a wata, ranar Juma'a bayan la'asar, a wata istiraha kusa da masallacin Ƙiblatain, gidan shaƙatawa mai babban zaure da tsakar gida.

Bakri ba ɗan majalisa ba ne, kuma bai taɓa neman zama ba. Saƙo ya kai wa wani dattijo ranar da abin ya fara. Ana cikin sulhun wasu gidaje biyu, ɓangaren da ya ga zai sha kaye ya buga waya, sai ga 'yan'uwa mota biyu sun faɗo zauren. Kofunan shayi suka fara tashi sama. Maƙwabta suka leƙo ta taga, wani yana cewa zai kira 'yan sanda. Wanda yake zaune a ƙasar mutane da iƙama, wato takardar izinin zama, ya san abin da irin wannan hayaniya ke jawowa, ba sai an yi masa bayani ba. Bakri ya ajiye saƙonsa, ya tsaya a ƙofa, ya riƙa fitar da baƙin ɗaya bayan ɗaya yana ce musu sannu, har zauren ya koma ashirin da huɗunsa. A ranar dattawa suka kafa doka guda: da zarar an shafa fatihar buɗe zama, a kulle ƙofa, ba mai shiga sai an tashi. Suka miƙa masa mabuɗi, suka ce masa mai ƙofa.

Ba wanda ya zaɓe shi, kuma shekara goma sha bakwai ba wanda ya ga laifin hakan. Shi ke zuwa da wuri ya kunna na'urar sanyaya ɗaki, ya duba ko akwai wayar wuta a fili da tsoho zai yi tuntuɓe da ita. Shi ya san su wa ba a zaunar da su kusa da juna, ya san wanda in ya cire tabarau to ya kusa tashi tsaye. Ya san mai ciwon suga da za a ajiye wa ruwa a gefe. Tun daga ranar da ya karɓi mabuɗi kofi ɗaya bai sake fashewa a zauren nan ba, kuma da yake abin yana tafiya lami lafiya, sai mutane suka ɗauka da kansa yake tafiya.

Istirahar ta Alhaji Nasrullahi ce. A garin da kowa alhaji ne, shi kaɗai ake haɗa wa sunan da kalmar, kuma yana lura da wanda ya manta. Ɗan ƙasa ne, yana da shagunan turare a kusa da Harami, yana da kujera a majalisa, kuma a faɗi gaskiya bai taɓa hana kowa zauren ba. Amma shekara uku da suka wuce ya yi latti. Ya iso an shafa fatiha, ya ƙwanƙwasa, ya faɗi sunansa. Bakri ya amsa masa daga ciki da ladabi cewa an shafa. Alhaji ya tsaya a tsakar gidansa na kansa, a zafin watan bakwai, direbansa yana kallo, har aka tashi. Da aka buɗe sai ya yi dariya, ya dafa kafaɗar Bakri, ya ce a gaban kowa, "Irinka muke so." Mutane suka yaba masa. Wanda ya san Alhaji kuwa ya san dariyar nan ajiya ce.

A bana ya fito da ajiyarsa. Ya zo zama da takarda mai shafi huɗu, an buga ta da Larabci an fassara da Hausa, ya ce lokaci ya yi da majalisa za ta yi tsari irin na manyan majalisun duniya. A can, in ji shi, mai kula da tsaro da oda ba gadon muƙamin yake yi ba, zaɓensa ake yi. Wani ya kawo sunan ɗan takara, mutum biyu su mara masa baya, a jefa ƙuri'a a asirce, wanda ya fi rinjaye ya riƙe mabuɗi shekara uku. Magana ce mai kyau, ba mai iya cewa ba ta da kyau, abin da ya sa ta fi ciwo ke nan. Shugaban majalisa, Malam Abdulsalam, tsoho ne mai kirki daga Abeche wanda tun da yake bai taɓa ce wa mai zaure a'a ba. Ya gyaɗa kai, aka amince. Kafin a tashi an ji sunan ɗan takara na biyu: Yazid, ɗan ƙanwar Alhaji.

Kada a zalunci Yazid. Saurayi ne mai natsuwa, ɗan shekara talatin da ɗaya, yana aiki a sashen kiyaye haɗari na wani kamfani, yana da takardar shaida a kan kashe gobara da fitar da jama'a daga gini. In an yi masa Hausa yana ji sarai, sai dai da Larabci yake amsawa. Tun yana ƙarami yake gaida Bakri da "ammi", wato baffa. Ba shi ya nemi abin ba, kawunsa ne ya ce ya tsaya, shi kuma ba a yi masa tarbiyyar musu da kawu ba.

Da Bakri ya koma gida ya gaya wa matarsa Fatna, tana tsaye a kicin tana juya asida. Ta ajiye muciya.

"Zaɓe? Baban Hiba, shekara goma sha bakwai suna ina ba su yi zaɓe ba? Ranar da ake jifa da kofuna ina takardar take?"

"Tsari ne, ba laifi."

"Tsari ne. Tayyib. To ka tashi ka zaga gidajensu, ka gaishe su, ka ce musu kana so."

"Ni in je in ce wa mutum ya zaɓe ni? Sun san ni ai."

"Sun san ka kamar yadda suka san bango. Wallahi kai dai ba ka da dama."

Bai je ko'ina ba. A ƙauyensu mutum ba ya roƙon abin da ya cancanta, abin kunya ne, kuma shekara talatin da biyu a Madina ba su goge masa wannan ba. Fatna ce ta ɗauki abayarta ta shiga gidaje, ta zauna da matan 'yan majalisa, ta sha shayi har cikinta ya ƙulle. Bayan sati biyu ta dawo da lissafinta a ka: goma sha uku na Bakri, goma sha ɗaya na Yazid. A cikin goma sha ukun akwai mutum huɗu abokan aikinsa na filin jirgi, babbansu Hamid, ɗan Gadarif, wanda suka yi shekara ashirin suna tura kujera tare.

Ashe ba Fatna kaɗai ta iya ƙirga ba. Saura kwana biyar sai saƙo ya fito a zauren WhatsApp na majalisa cewa an ba da istiraha haya ranar Juma'a don walima, saboda haka zaman zaɓe ya dawo Alhamis bayan la'asar. Ranar Alhamis mutanen filin jirgi suna tashi aiki ƙarfe uku. In komai ya tafi daidai za su iso a kan lokaci. Amma lokacin umara ne, kuma duk wanda ya taɓa aiki a filin jirgi ya san sau nawa komai ke tafiya daidai. Hamid ya rubuta cewa a duba musu. Aka amsa masa da hoton hannu biyu na addu'a.

Bakri ya ɗauki hutun yini ɗaya. Tun azahar yana istiraha, ya share, ya jera matasai, ya kafa labule a kusurwar zaure. Da hannunsa ya shirya kayan zaɓen da za a yi a kansa. Majalisar ba ta jefa ƙuri'a da takarda, domin akwai tsofaffin da ba sa rubutu. Ana zaga tire da dabino, kowa ya ɗauki ɗaya ya ci, ya riƙe ƙwallon. Bayan labule akwai tukwanen gahawa biyu na tagulla masu ƙaramin baki, wanda hannu ba ya shiga. Mutum ya shiga shi kaɗai, ya jefa ƙwallonsa a tukunyar wanda yake so, ya fito. Haka suke zaɓen shugaba tun fil azal, haka kuma takardar Alhaji ta ce a zaɓi mai ƙofa. Bakri ya ɗaura jan zare a tukunya ɗaya, tasa ke nan, ya ɗaura kore a ta Yazid. Ya ƙirga dabino ashirin da huɗu ya zuba a tire.

Aka idar da la'asar a masallacin unguwa, mutane suka fara shigowa. Bakri yana tsaye yana ƙirga su da ido kamar yadda ya saba. Ashirin. Wurin mutum huɗu a jikin bangon hagu ba kowa. Wayar Malam Abdulsalam ta yi ƙara, ya saka ta a kunne, da yake tsoho ne mai buɗe muryar waya kowa ya ji Hamid: jirgin Jakarta ya yi jinkiri, mudir, wato shugabansu, ya hana su tafiya sai sun sauke tsofaffi, amma yanzu suna kan hanya, sun wuce Uhudu, minti goma.

Malam ya sauke waya ya dubi jama'a. "To, ina ganin mu ɗan..."

Bai ƙarasa ba. Mahmudu, wani dattijo mai farin gemu da ke zaune a damar Alhaji, ya ɗaga tafukansa sama ya ce da ƙarfi, "Alfatiha."

A al'adar zauren shugaba ne ke yi wa wani dattijo alama ya buɗe da addu'a. Amma ba a rubuta ba, domin ba wanda ya taɓa tunanin za a yi wayo da fatiha. Kuma wa zai ce wa Musulmi ya sauke hannu? Wa zai ce a dakata da fatiha, a Madina, bayan la'asar? Hannaye suka tashi ɗaya bayan ɗaya, har na waɗanda ransu ya ɓaci, har na Malam Abdulsalam da bakinsa yake buɗe. Bakri ma ya ɗaga nasa. Mahmudu, wanda in ya kama addu'a a wurin walima sai abinci ya huce, ranar nan ko minti ɗaya bai cika ba. Aka ce amin, aka shafa.

Idanu suka koma ƙofa.

Abin da Bakri zai iya yi yana da yawa, kuma ya san su duka. Zai iya fita ya ce zai duba ko an bar mota a bakin ƙofar maƙwabta. Zai iya lalube a wuyansa ya ce mabuɗi ya faɗi. Zai iya yin tafiyar tsoho daga inda yake zuwa ƙofa, ya tsaya gyara takalma. Mutum tara a zauren suna roƙonsa da ido ya yi ɗaya daga ciki, kuma da ya yi ba mai zarginsa. Alhaji Nasrullahi ya gyara zama, ya ce a hankali, kamar mai tambayar lafiya, "Doka dai doka ce, ko ba haka ba, Bakri?"

Bakri ya dube shi. Ya gane komai, tun daga walimar Juma'a har gajeriyar addu'ar Mahmudu. Amma ya ga kuma abin da ake jira. In ya jinkirta minti goma saboda mutanensa, to tsayuwar da Alhaji ya yi a rana ba doka ba ce, wulaƙanci ne, kuma duk wanda ya taɓa mayarwa a shekara goma sha bakwai zaluntarsa ya yi. Ya cire igiyar daga wuyansa, ya tura ƙofa, ya murɗa mabuɗi sau biyu.

Haushin da ke cikin wannan labari ba na Alhaji ba ne kaɗai. Shi ya yi abin da mai ƙullaci ke yi. Ina mutum taran nan? Kowannensu yana da baki, yana da kujera, yana da ikon ya miƙe ya ce wannan fatiha ba shugaba ne ya ba da izininta ba, a jira. Ba wanda ya motsa. Wannan yana haya a gidan surukin Alhaji, wancan ɗansa yana aiki a shagon turare, wani kuma kawai ba ya son a ce shi ne ya fara. Suka bar mutumin da ba shi da ƙuri'a ya ɗauki nauyin duka, suna kallon kafet. Malam Abdulsalam kuwa ya ciro carbi.

Aka kawo sunaye. Mahmudu ya kawo na Yazid, mutum biyu suka mara. Wani tela ɗan Damagaram ya kawo na Bakri da muryar da sai an kasa kunne, biyu suka mara. Bakri ya ɗauki tire ya zaga da shi, kowa ya ɗauki dabino. Guda huɗu suka rage, ya ajiye tiren a gefe.

Mutum na uku yana bayan labule aka ji mota ta tsaya da ƙarfi, ƙofofi suka buɗe, takalma suka nufo zaure da gudu. Aka ƙwanƙwasa.

"Bakri, mu ne. Ya zol, ɗan'uwa, buɗe, mun iso."

Bakri yana tsaye, bayansa jingine da ƙofar, yana jin bugun a kafaɗunsa.

"An shafa, Hamid."

"Wace irin an shafa? Mun ce minti goma, ko bakwai ba mu yi ba. Ko rigar aiki ba mu cire ba."

"An shafa."

"Kai mahaukaci ne? Don kai muka zo. Mu huɗu ne fa, ka ƙirga."

"Na ƙirga. Ku zauna a inuwa, akwai ruwa a firjin tsakar gida."

Hamid ya ƙara bugu biyu, ya faɗi wata kalma ta Larabcin Sudan wadda ba a faɗa a kusa da masallaci, sannan ya bar ƙofar. A ciki aka ci gaba. Kowane ƙwallo in ya faɗa tagulla sai ya yi ƙara, kuma daga bakin ƙofa ba a bambance wace tukunya ce. Bakri ya ji ƙarar sau ashirin. Yazid yana tsaye a ɗaya gefen zauren, kansa a ƙasa, gumi yana bin wuyan farar rigarsa duk da sanyin na'ura.

Aka juye tukwanen a kan farin ƙyalle a gaban shugaba. Malam ya ƙirga da ɗan yatsa, ya sake ƙirgawa kamar mai fatan lissafi zai canza. Kore goma sha ɗaya, ja tara. Fatna ba ta yi kuskuren ko mutum ɗaya ba.

Alhaji ya ce masha Allah, ya ce wannan nasarar tsari ce ba ta wani mutum ba, ya ce majalisa ba za ta manta da hidimar ɗan'uwa Bakri ba. Takardarsa ta tanadi cewa bayan zaɓe a buɗe ƙofa sau ɗaya don miƙa mabuɗi, sannan sabon mai ƙofa ya kulle a ci gaba da zama. Bakri ya buɗe. Mutum huɗu suka shigo da rigunan aiki masu ɗigon gumi, Hamid a gaba, idonsa jajir. Bai kalli Alhaji ba, Bakri ya kalla.

"Shekara ashirin ina ce maka ɗan'uwa. Minti bakwai ka kasa ba ni."

"Ba nawa ba ne da zan ba ka."

Bakri ya wuce shi, ya je gaban Yazid, ya rataya masa igiyar a wuya. Yazid ya sumbaci kan Bakri, yana cewa, "Samihni ya ammi," wato ya yafe masa. Bakri ya ce ba komai. Ya gaya masa a hankali cewa Malam Rabo na kusurwa yana da suga, a riƙa ajiye masa ruwa, kuma kada ya bari 'yan Abeche biyun can su zauna kafaɗa da kafaɗa. Sannan ya juya ya dubi zauren, yana neman inda zai tsaya. Sai a lokacin ya lura bai san ko'ina a ɗakin nan ba sai bakin ƙofa, kuma bakin ƙofa yanzu da mai shi.

"Yazid," in ji Alhaji, yana duba takardarsa, "kafin ka kulle. Akwai wanda ba ɗan majalisa ba a ciki."

Da farko mutane ba su gane ba, har wasu suka waiwaya suna neman baƙo. Da suka gane sai zauren ya ɗauki guna-guni. Hamid, da fushinsa da komai, ya miƙe ya ce ga kujerarsa, Bakri ya zauna shi ya fita. Mahmudu ya ce kujera ba riga ba ce da ake ara. Malam Abdulsalam ya ce, "To, ai ko don yau kaɗai..." ya dubi Alhaji, maganar ta mutu a bakinsa. Yazid ya tako zuwa wurin Bakri, ya fara, "Ma'alesh ya ammi, an-nizam..." Yana so ya ce doka ce.

Bakri bai bari ya ƙarasa ba. Da ya tsaya aka yi gardama a kansa, da hayaniya ta tashi, kuma shi bai san yadda ake zama sanadin hayaniya a zauren nan ba. Ya dafa hannun yaron ya ce, "Daidai ne. Yi aikinka." Ya yi wa jama'a sallama, wasu suka amsa, wasu kunya ta hana su. Ya fita.

Tsakar gidan ba kowa, rana ta karkata amma ƙasa tana huci. Ya tsaya yana neman takalmansa cikin na mutane, hawayen baƙin ciki suna hana shi gani sosai. Shekararsa hamsin da takwas, kuma tun da ya bar ƙauyensu ba a taɓa yi masa abin da ya ci masa rai haka ba. A bayansa ƙofa ta rufu. Ya ji mabuɗi ya shiga, ya ji ana murɗawa, ya ƙi. Aka zare, aka sake sakawa, aka jijjiga, ya ƙi. Ƙofar ta ɗan sauka a gefe ɗaya tun wani ruwan sama da aka yi shekarun baya, kuma duk duniya mutum ɗaya ne ya san haka. A ciki an fara ƙananan maganganu, wani har ya yi dariya.

Bakri ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Da ya yi tafiyarsa, da yaron nan ya yi ta fama a gaban mutum ashirin da huɗu har kawunsa ya ji kunya. Ya share fuskarsa da hannun riga, ya dawo, ya kai bakinsa kusa da katako.

"Yazid. Ɗaga ta sama kaɗan da gwiwarka, sannan ka murɗa."

Ƙofar ta ɗan motsa sama, mabuɗi ya juya sau biyu, ta kulle. Bakri ya tura ta da tafin hannu don ya tabbatar, ya ga ta kama sosai, sannan ya sunkuya ya ci gaba da neman ɗaya takalmin.